Ƙudan da Yake Reno a Cikin Tsutsa

Aisha: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Aisha, tare da Nura da Malam Garba. Yau maganar ƙuda za mu yi, amma fa ba ƙudan da ke damun mutane a kan abinci ba. Malam, wane ƙuda ne wannan?

Malam Garba: Wa'alaikumus salam. Dangi ne babba na ƙudaje da masana ke kira Tachinidae. An tantance nau'i fiye da 8,000 a duniya, kuma har yanzu ana gano sababbi. Idan kika gan shi a kan fure za ki ɗauka ƙudan gida ne da ya ɗan yi ƙiba, sai dai jikinsa cike yake da gashi mai tsini, musamman ta baya. Babban ba ya cizo, ba ya bin shara. Ruwan zaƙin fure yake sha, da darɓar da ƙananan ƙwari ke bari a ganye.

Nura: To in haka ne, Malam, ina abin mamakin?

Malam Garba: A wurin 'ya'yansa. Tsutsar wannan ƙuda ba ta girma sai a cikin jikin wani ƙwaro mai rai. Mafi yawa tsutsotsin malam-buɗe-littafi masu cin ganye suke shiga, amma akwai masu shiga fara, da gyare, da ƙwari masu ɓawo, da masu tsotsar ruwan shuka.

Aisha: Kamar kaska ke nan?

Malam Garba: Da bambanci. Kaska ta sha jini ta faɗi, dabbar ta ci gaba da rayuwa. Shi wannan, ƙarshen lamarin kusan kullum mutuwar wanda aka shiga ne. Kuma ba gaggawa take yi ba. Da farko ruwan jiki da kitse take ci, ta bar sassan da rai ya dogara da su, don mai masaukin ya ci gaba da kiwo yana tara mata abinci. Sai ta kusa ƙosawa take cinye sauran, ta huda ta fito, ta faɗa ƙasa ta ƙulle kanta cikin wani ɓawo ja-ja, daga nan ƙuda ya fito.

Nura: Tsaya, Malam. Tana cikin jikin wani, a rufe ruf, ta ina take numfashi?

Malam Garba: Wannan tambayar ita ce ta sa na fara son waɗannan ƙudaje. Da yawansu sukan maƙale bayansu a ramin da suka shiga ta fata, ko a jikin bututun numfashin ƙwaron. Jikin ƙwaron kuwa yana da garkuwa, sai ya yi ƙoƙarin lulluɓe baƙuwar don ya shaƙe ta. To wannan lulluɓin da ya yi shi ne yake zame mata mazurari, iska na shigo mata ta ciki. Makamin da aka ɗauko don a kashe ta, da shi take rayuwa.

Aisha: Ikon Allah! Uwar fa, ya take kai ƙwan ciki?

Malam Garba: Hanyoyin sun sha bamban. Wata takan manna farin ƙwai a bayan tsutsa, kusa da kai inda bakinta ba zai kai ta cire ba. Ana ganinsa da ido. Wata tana da tsinke a ƙasan ciki, ta huda fata ta zuba 'yarta kai tsaye. Wata takan ajiye 'ya'yan a kan ganye su yi ta jira har abinci ya gifta. Wata kuma ba ta neman tsutsar ma sam. Ƙwayaye ƙanana ƙwarai take zubawa, dubbai, a kan ganyen da aka fara ci. Tsutsa ta zo ta haɗiye su da ganyen, su ƙyanƙyashe a cikinta.

Nura: Ni wadda na karanta labarinta ta fi ba ni mamaki, mai farauta da kunne. Ormia ochracea.

Aisha: Ƙuda da kunne?

Nura: Wallahi, Yaya Aisha. A ƙirji kunnuwan suke, ƙasan kai. Namijin gyare yana kuka da dare don kiran mace, ita kuma ƙudar tana saurare. Ta bi sautin cikin duhu, ta sauke 'ya'yanta a kansa ko kusa da shi, su huda su shiga. Cikin kamar mako guda zuwa kwana goma sun gama da shi.

Malam Garba: Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, tazarar kunnuwan nata ba ta kai milimita ɗaya ba. A ƙa'ida bai kamata ta iya gane ta ina sauti ya fito ba, don yana isa duka biyun kusan lokaci guda. Sai aka gano fatun kunnen biyu a haɗe suke da wata 'yar gada, ɗaya ta motsa ta tura ɗayar, bambancin ya ƙaru. Tana gane inda sauti yake da kuskuren da bai wuce digiri 2 ba. Injiniyoyi sun kwaikwayi wannan tsari wajen gwada ƙera ƙananan makirufo na na'urar taimaka wa masu matsalar ji.

Nura: Ga kuma abin da ya faru a tsibirin Kauai na Hawai. Ƙudar ba 'yar can ba ce, daga nahiyar Amurka ta isa, ta sami gyare tana ta kashewa. Masaniya Marlene Zuk tana bibiyar gyaren wurin, a 2003 ta tarar da su ga su nan da yawa amma dare shiru. Ashe wani canji ne ya bayyana a fiffiken mazan, ya yi sumul, ba ya ba da sauti. Mai kuka ana kashe shi, marar kuka yana tsira, har sama da kashi 90 cikin 100 na mazan suka zama bebaye cikin 'yan shekaru.

Aisha: To ya suke samun mata in ba sa kira?

Nura: Raɓewa suke kusa da 'yan tsirarun da suka rage masu kuka, su tare matan da suka nufo.

Aisha: Malam, bari in faɗi abin da na san yana ran masu sauraro. Abin akwai tausayi. A ci ka da ranka.

Malam Garba: Akwai, ban musa ba. Amma ki duba ɗaya ɓangaren. Malam-buɗe-littafi ɗaya na iya zuba ƙwai ɗaruruwa. Da duk za su rayu su sake haihuwa, da ba ganyen da zai saura, a daji ko a gona. Tsuntsaye na rage su, zanzaro da rina na ragewa, cututtuka na ragewa, waɗannan ƙudaje kuma suna cikin manyan masu wannan aiki, ba tare da kowa ya lura ba. Sannan yawon da suke yi a kan furanni yana kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Abin da ke ba ni takaici, feshin da ba ya zaɓe yana kashe su tare da tsutsar. Tsutsar ta fi saurin dawowa, ta dawo ta tarar babu mai tsare ta.

Nura: Shi ya sa wasu ƙasashe suka riƙa ɗauko waɗannan ƙudaje da gangan.

Malam Garba: Ƙwarai. A Fiji wani ƙaramin malam-buɗe-littafi, Levuana, ya kusa durƙusar da noman kwakwa. A 1925 aka kawo ƙuda mai suna Bessa remota daga Malaya, wato yankin ƙasar Malesiya ta yau, cikin 'yan shekaru annobar ta kau. A yankin Nova Scotia na Kanada ma, a shekarun 1950, Cyzenis albicans ya taimaka wajen shawo kan tsutsar da ke tsige ganyen itatuwa.

Aisha: To ai sai a yi ta rarraba su ko'ina.

Malam Garba: A'a, nan ne nake ja da baya. A 1906 an kai Compsilura concinnata daga Turai zuwa Amurka don ya yaƙi wata tsutsa mai lalata dazuzzuka. Matsalar, shi ba ya zaɓe. An same shi a cikin ƙwari fiye da nau'i 150. Tsutsar da aka kawo shi dominta sau ɗaya take fitowa a shekara, shi kuwa yana haihuwa sau uku ko huɗu, to sauran lokacin me zai ci? Sai ya faɗa wa 'yan ƙasa. Ana danganta raguwar manyan malam-buɗe-littafin dare masu saƙa siliki a arewa maso gabashin Amurka da shi. Kuma abin da aka saki a daji ba ya tattaruwa. Ko na Fiji ɗin, Levuana ba a sake ganinsa sosai ba har ana zaton ya ƙare ƙaf, kuma masana na muhawara a kan ko hakan daidai ne. Shi na Kanada ya yi kyau ne don kusan abinci ɗaya ya sani.

Nura: Masu kiwon tsutsar siliki a Indiya ma ba sa ga-maciji da su. Akwai wani ƙuda na wannan dangi da suke kira uzi, yana yi musu ɓarna har sai sun sa raga a tagogin ɗakunan kiwo.

Aisha: To mai lambu fa, me zai yi da wannan bayani?

Malam Garba: Ya bar wasu tsirrai masu ƙananan furanni a buɗe su yi fure a gefen shuka, don bakin yawancin ƙudajen gajere ne, ba ya kaiwa cikin fure mai zurfi. Kada ya yi feshi sai ya duba ya ga ɓarnar ta kai. In kuma ya ga tsutsa da fararen ɗigo manne a bayanta, ya ƙyale ta. Ta riga ta kamu, kuma ƙudajen da za su fito daga cikinta su ne za su bi sauran.

Aisha: Mun gode, Malam. Nura, sannu da ƙoƙari. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.