Jawabi ga 'yan'uwa mazauna Birtaniya kan ɗaukakar Susan Boyle

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa.

Waɗanda suka kwana biyu a ƙasar nan za su tuna daren 11 ga Afrilu, 2009, da tashar ITV ta nuna Susan Boyle, mai shekara 47, 'yar ƙauyen Blackburn a Scotland. Ta fito gasar nuna baiwa ta Britain's Got Talent gashi a hargitse, 'yan kallo sai yatsina suke yi. Tana buɗe baki ta fara waƙa, zaure ya miƙe tsaye. Kafin mako ya zagayo miliyoyi sun kalli bidiyon.

An ce dare ɗaya Allah kan yi Bature. Haka ne, amma daren wannan baiwar Allah ya daɗe bai waye ba. Ta yi shekaru tana waƙa a cocinsu, ta ɗauki darasin murya wurin malami, a 1999 muryarta ta fito a wani faifan neman taimako da aka buga kwafi 1,000 kacal. Kuma ita ke jinyar mahaifiyarta har tsohuwar ta rasu a 2007.

To, ga mai yaro da Allah ya hore wa murya, ko ta waƙa ce, ko ta bege, ko ta ƙira'a, atisayen minti 20 zuwa 30 kullum ya fi sa'a uku ranar Asabar kaɗai. A fara a hankali da ƙaramar murya kafin a ɗaga, ruwa na kusa. Murya in ta dishe ta wuce mako uku, likita za a gani, a bar zuma da citta haka nan. Wajen naɗar murya, waya ta isa: a ajiye ta kamar taki ɗaya daga baki, a ɗaki mai labule da darduma. Kada a yi a kicin, domin tayil na mayar da amo ya dagula sautin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan suna ya fito. Ranar 30 ga Mayu Susan ta zo ta biyu, 'yan rawa na Diversity suka lashe gasar. Washegari aka kwantar da ita a wani asibiti a Landan saboda gajiya, bayan mako bakwai 'yan jarida na dafifi a kanta. Ta farfaɗo, faifanta na farko ya sayar da kwafi sama da 400,000 a makon farko a nan Birtaniya. Amma a ganina ko babba yana bukatar wani nasa tsayayye da zai ce "yau ba hira", balle yaro.

Sai takardu, waɗanda mu ba mu cika damuwa da su ba. A Ingila, yaron da bai kai shekarun barin makaranta ba yakan bukaci lasisi daga ƙaramar hukuma kafin ya fito a talabijin ko wasan da ake biyan kuɗin shiga, kuma ana nemansa aƙalla kwana 21 kafin ranar. Kada a sa hannu a yarjejeniya sai lauyan da ya san harkar waƙa ya karanta ta, musamman layin da ke faɗin wa ya mallaki faifan da kuma shekara nawa. Marubucin waƙa yana rajista da PRS for Music, mai rerawa kuma da PPL, wadda shigarta kyauta ce. Su ke karɓo kuɗi duk sanda aka sa waƙar a rediyo.

Na gode da saurare. Wassalamu alaikum.