Banc d'Arguin: inda Sahara ta tsoma ƙafa a teku

Assalamu alaikum. Jama'a, yau Mauritaniya za mu je, bakin Tekun Atalantika, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. A nan gandun Banc d'Arguin yake, wanda gwamnatin ƙasar ta killace a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu, rabi ruwa.

Ruwan ba shi da zurfi. Idan teku ta janye, sai ka ga laka da ciyawar ruwa har iyakar ganinka, cike da tsutsa da ƙananan dodon koɗi. Wannan laka ce ke ciyar da tsuntsaye wajen miliyan 2 da ke gudo sanyin Turai da Siberiya duk shekara. Ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya keto dubban kilomita, ya sauka gefen tsibirin Tidra ya kama kiwo. Allah mai iko.

Amma abin da ya fi kama mini zuciya mutanen wurin ne, Imragen. Ba a tashe su ba. Suna nan a ƙauyukansu, Mamghar da Iwik da Teshot, da Agadir da ke tsibirin Arguin, inda Turawan Fotugal suka iso a 1443 suka mai da shi kasuwar bayi da zinariya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu mai nauyi: ba a shiga da jirgi mai inji. Da iska suke tafiya, a jiragen katako masu ƙyalle. A da, masunci kan tsaya cikin ruwa da raga a kafaɗa, yana dukan ruwa da sanda, dabbar tekun nan dolfin ta koro masa garken kifi zuwa gaɓa. Mata su feɗe, su shanya tsokar, su busar da ƙwan da gishiri, su tatsi mai daga kawunan.

To, ku lura, barazanar daga waje take zuwa. 'Yan kasuwa sun kwaɗaita wa masunta kamun kifin shak saboda fikafikansa da ake kaiwa Asiya. Manyan jiragen kamun kifi na shawagi bayan iyakar gandun. Ga garin Shami a gabas, inda ake wanke zinariya, dab da gandun. Abin da ke hana ni sakewa ke nan.