Me ya sa kofin ya fito kamar roba?

Ku kalli kofin nan. Wai na tangaran ne, amma sai ka rantse robar wasan yara ce. Kwanakin nan ana ta tambaya a kan irin wannan, kuma yawanci haske ake ɗora wa laifi. Hasken nan lafiyarsa ƙalau.

Mu buɗe Blender, manhajar ƙera hotunan 3D da aka yi kofin da ita. Ga Principled BSDF, wato wurin saita yadda fuskar abu ke karɓar haske, wanda ya shigo tun sigar 2.79, an gina shi kan tsarin da Disney ta fitar a 2012. Launi kun san shi, mu wuce. Ga ma'aunin ƙarfe, wato Metallic, nan ake faɗawa rami.

Mutum yana son ƙyalli, sai ya ja shi zuwa 0.5. To, wannan ma'aunin tambaya ɗaya yake yi: ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba? Amsarsa sifili ko ɗaya. Tangaran, katako, fata, gilashi, duk sifili ne. Irin waɗannan, idan ka fuskance su kai tsaye, kusan kashi 4 cikin ɗari na haske kawai fuskarsu ke mayarwa, kuma ba ya ɗaukar launinsu. Sauran ya ratsa ciki, a can yake kwaso launi ya fito. Ƙarfe kuwa daga sama yake mayar da haske, ya rina shi da kalarsa, shi ya sa ƙyallin zinare yake rawaya. Idan ka tsaya a 0.5, ka yi jemage ke nan, ba tsuntsu ba, ba dabba ba.

Ƙofar ƙarfe mai fenti fa? Sifili, domin fentin ne haske ke tararwa. Tsatsa ma sifili. Inda fenti ya ɓare ne kawai za ka sa ɗaya. Ni ma na daɗe ina gardama kafin na yarda.

Ƙyallin da kuke nema yana ga ma'aunin kaushi, wato Roughness. Ku ga na sauke shi. Amma kada ya zama bai ɗaya ko'ina: mu sa hoton sawun yatsu da 'yan ƙarce-ƙarce, mu saita hoton a kan Non-Color, don lambobin kaushi ne ba launi ba.

Yanzu mu juya kyamara a hankali. Ku lura da gefen kofin, yadda ya ɗauki haske shi kaɗai. Fresnel ke nan, wato ƙaruwar ƙyalli idan ka kalli abu a karkace, manhajar ce ke lissafa shi, ban taɓa komai ba.