Maƙeran da Suka Ƙera wa Matattunsu Gicciyen Ƙarfe

Ku dubi wannan maƙabarta da kyau. Tana kusa da ƙauyen Hague, a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka. Fili ne fetal, sai ciyawa da iska. Waɗancan abubuwa da kuke hangowa tsaye a kan kaburbura kuwa gicciye ne na ƙarfe, kuma kowane ɗaya da hannu aka ƙera shi.

Mutanen da ke kwance a nan Jamusawa ne, amma daga Rasha suka taso. A 1763 Sarauniya Katarina ta Rasha ta gayyaci manoman Jamus su zo su zauna a bakin kogin Volga, a 1804 kuma Sarki Alekzanda na Ɗaya ya buɗe musu ƙasar da ke kewayen Odesa. An yi musu alkawarin ba za a ɗebi 'ya'yansu aikin soja ba. Da aka warware alkawarin a shekarun 1870, sai da yawansu suka tattara komatsansu suka ƙetare teku.

A sabuwar ƙasar itace ya yi wuya, wanda aka kafa ma ruɓewa yake yi, ko gobarar daji ta cinye shi. Dutsen da aka sassaƙa kuwa ya fi ƙarfin aljihun manomi. Sai aka koma wurin maƙerin gari, wanda ke gyara garma da yi wa dawakai takalmi.

To, ku matso kusa. Ga sandar ƙarfe ta fito daga wuta jawur. Maƙerin ya kama ta da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera, ya yi ta dukanta da masaba, yana murɗawa, yana lanƙwasawa, har ta zama zuciya, ko fure, ko hasken rana, ko mala'ika mai fukafukai. Wani sa'in tsohon ƙarfen ƙafar keken doki ne ya samu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, galibi maƙerin ya san mamacin: maƙwabcinsa ne, ko jaririn ɗan'uwansa. Yawancinsu ba sa rubuta sunansu a jikin aikin, amma mai ido yakan gane hannun kowa daga yadda yake nannaɗe ƙarfe.

Katolika ne suka fi riƙe al'adar, daga wajen 1880 zuwa shekarun 1940. Daga nan tarakta ta kori doki, maƙera suka rufe, duwatsun kamfani suka cika maƙabartu. A 1989 aka shigar da da yawa daga cikin waɗannan maƙabartu a kundin wuraren tarihi na Amurka. A wasu kaburburan fentin sunan ya goge tuntuni, sai ƙarfen kawai, da tsatsa a gaɓoɓinsa.