Sharhi: Gyaɗa, Fari da Takin Juji

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya san ba rashin ruwan shuka ne ya fi karya manomi ba. Abin da ke karya shi shi ne ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, daidai lokacin da gyaɗa ta yi fure. A nan ne take sauko da wasu siraran jijiyoyi su nutse cikin ƙasa, kuma a bakinsu 'ya'ya ke fitowa. In ƙasa ta bushe ta yi tauri, ba su iya hudawa. Sai ka ga harawa kore shar, ka tuge gindi ka tarar da ɓawo holoƙo.

Mun taɓa ganin ƙarshen wannan hanya. Farin 1973, sannan cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, suna cikin abubuwan da suka rusa dalar gyaɗar Kano. Yau muna da iri mai saurin nuna, irin su SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai isa girbi cikin kusan wata uku. Madalla. To amma iri ba ya riƙe wa ƙasa ruwa.

Wannan aikin takin gargajiya ne. Ƙasarmu ta jigawa rairayi ce, ruwa na zuba yana zurarewa kamar an zuba shi a rariya. Kashin shanu da na awaki da ya ruɓe yana haɗe rairayin, ya tsare laima a inda saiwa take. Ka tona kunyar da aka zuba wa mangalar taki kwana kaɗan bayan ruwa, ka damƙi ƙasar, za ka ji sanyi a tafin hannunka, alhali ta maƙwabta ta koma gari. Takin zamani abinci ne, ba a musu, kuma gyaɗa na son irinsa da ake kira sufa. Sai dai buhun ba ya aiki sai da danshi.

Wani zai ce ina takin yake? Gaskiya ne, juji bai ishi gona ba, kuma makiyayan da a da suke kwana da shanunsu a gonaki bayan girbi sun ragu. Shi ya sa dabarar manoman Tahoua a Nijar ta cancanci a duba, wato tassa: a haƙa ƙananan ramuka tun da rani, a sa taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowanne. Gara na bin takin tana huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin maimakon ya gudu. Ga gyaɗa, darasin shi ne a sa ɗan abin da ake da shi a layin shuka, kada a watsa shi ko'ina.

Sai gargaɗi ɗaya. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona shuka in ruwa ya yi ƙaranci. A tara shi tun kaka, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har zafinsa ya fita. Malaman gona kuwa, wannan bayani su kai shi ƙauye tun watan Janairu, kafin amalanke ya fara jigila zuwa gona.