Gizo a kan lori: inda aka yanke bidiyon nan

[Hoto: yara a kan tabarma suna tafi]

Wannan ɗan bidiyon ne ya tayar da ƙura a zaurukan WhatsApp na mutanenmu, daga Gadarif har Kasala a ƙasar Sudan. Ku kalle shi tukuna. Ɗan wasa sanye da kayan Gizo ya haye benci, yana nuna 'ya'yan ɓaure ɗaya bayan ɗaya, yana waƙa da tsamin bakinsa: "Ni na yiga gani! Ni na yiga gani!" Yara na amsawa har da tsalle. Nan ya ƙare. Sai iyaye suka ce ashe haɗama ake bi ƙauye-ƙauye ana koya wa 'ya'yansu.

Iyayenmu, kuna da hujjar damuwa. Sai dai wanda ya ɗauki bidiyon ya yanke shi daidai inda wasan ya ɗau zafi.

[Hoto: lori a kan hanyar ƙasa]

Masu wasan matasa ne, kayansu ganga, lasifika mai batir da labule ɗaya. Ba sa fita sai damina ta ɗauke an yanke riɗi, don baƙar lakar Gadarif ba ta barin mota ta wuce. Gizo kuwa tsohon ɗan ƙasa ne a nan. Ya zo a bakin kakanninmu masu tafiya hajji a ƙafa, da jama'ar da ta biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

Da la'asar ake wasan, tun da sauran haske. Shi ya sa mai fitowa a matsayin Kaka sai ta ɗaure Gizo kafin ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", kamar yadda ake yi in za a yi tatsuniya da rana. Ku ga yadda tsofaffin can na baya suke darawa.

[Hoto: ana raba wa yara fuka-fukan takarda]

To, ga wurin da ake kuskure. Ku dubi hannayen yaran. Kafin a buga ganga, kowane yaro an ba shi gashin tsuntsu guda na baƙar takarda, an ce masa yau shi hankaka ne. Tatsuniyar Gizo da hankaki ke nan: suna da itacen ɓaure a tsakiyar kogi, Gizo ya roƙe su su tafi da shi, kowannensu ya ara masa gashi ɗaya. A wasan, yaran da kansu suke tashi su liƙa wa Gizo gashin a jikin rigarsa. Da fiffikensu ya tashi.

Saboda haka lokacin da kuka ga suna amsa masa waƙa, abokinsu suke wa murna, wanda suka taimaka wa. Yana tsinka, suna tafi. Yana cusawa a jaka, suna tafi. Sai ganga ta tsaya cak. Kaka ta juyo ta ce, "Hankakina, ina naku ɓauren?"

Ku saurari shirun nan.

[Hoto: fuskokin yara, babu waƙa]

Ku dubi yarinyar nan mai jan kallabi. Ta kalli reshe, babu ko ɗaya. Ta kalli jakar Gizo. Ba wanda ya ce mata an cuce ta, ita ta gano da kanta. Kaka ba ta ƙara ko kalma, jira take yi, wani lokaci jiran ya yi tsawo har manya su fara gyaran murya. Can sai yaro ɗaya ya miƙe ya cire gashinsa daga rigar Gizo. Sauran su rufa masa baya. A bar Gizo tsuru a kan benci, ba fiffike, kogi ta ko'ina.

Ni dai wannan wurin nake so a duk wasan. Yaron da aka yi wa wayo da gashinsa, a gaban abokansa, ya ɗanɗani zafin abin a cikinsa, kuma shi ya yanke hukunci da hannunsa. Na fi yarda da wannan a kan a tsayar da shi a yi ta ja masa kunne.

Sauran labarin a guje yake tafiya. Gizo ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kada, ya ce ai shi ɗan dangi ne, waƙa biyu, Ƙoƙi na jiran sa a gida, ƙurunƙus.

Wata uwa za ta ce, to ai waƙar ce ke maƙale wa yaro a baki, ya dawo gida yana "ni na yiga gani" a kan akushi. Gaskiya ne, Inna, za ki ji ta. In kin ji, tambaye shi me hankaki suka yi wa Gizo daga baya, ki bar shi ya ba ki labarin.

In lorin ya iso ƙauyenku, ku tura yara da wuri. Tun kafin a fara ake raba gashin, wanda ya makara kuwa kallo kawai zai yi.