Allon Sanarwa Ba Ya Sayar da Kujera: Raba Umarni da Tambaya a Bayan Fagen Manhaja

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Tun da aka shiga shirye-shiryen Umrar watan azumi, tambaya guda ce take yawo tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja a Jidda da Makka da Riyad, musamman waɗanda suke yi wa kamfanonin jigilar masu ibada aiki. Suna cewa sun bi tsarin CQRS, wato tsarin gina manhaja mai raba ɓangaren rubuta bayanai da na karanta su, kamar yadda aka koya musu, sun raba umarni daban tambaya daban, amma duk da haka an wayi gari an sayar wa mutum biyu kujera ɗaya a motar da za ta tashi daga Makka zuwa Madina. Wasu har sun yanke hukuncin cewa tsarin ne ba shi da kan gado. A ganina tsarin lafiyarsa ƙalau, mataki ɗaya ne ake yi wa gurguwar fahimta, kuma a kansa za mu tsaya.

Asalin maganar gajere ne. Bertrand Meyer, Bafaranshen da ya ƙirƙiro yaren manhaja na Eiffel, ya shimfiɗa ƙa'ida a shekarar 1988 cewa kowane aiki a cikin manhaja ko dai ya zama umarni mai sauya wani abu, ko kuma ya zama tambaya mai dawo da amsa, kuma yin tambaya bai kamata ya sauya amsar ba. Wajen shekarar 2010 Greg Young ya ɗaga wannan ƙa'ida daga kan ɗan ƙaramin aiki zuwa kan ginin gaba ɗaya, ya ba ta sunan CQRS, inda ɓangaren rubutawa yake da nasa fasali, ɓangaren karantawa ma yake da nasa. Ku ɗauke su kamar akwati biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na dama yana karɓar "riƙe mini kujera", "soke tafiyata", "sauya mini rana", waɗanda a hanyar HTTP, wato ƙa'idar aika saƙonni a yanar gizo, yawanci ake aiko su da POST ko PUT ko DELETE. Na hagu yana karɓar "kujera nawa suka rage", "nuna mini tafiye-tafiyen gobe", waɗanda ake aiko su da GET. Dalilin rabuwar kuwa kowa ya san shi daga kasuwa: masu taya kaya sun ninka masu saye yawa nesa ba kusa ba, don haka babu hikima a sa su cikin layi ɗaya.

Yanzu ku lura cewa akwai wata kibiya da ta taso daga akwatin dama zuwa na hagu, wato hanyar da ake sanar da ɓangaren karantawa abin da aka rubuta, domin duk rikicin yana cikinta. Wanda ya taɓa zama a filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda ya san babban allon da yake nuna jirage da ƙofofinsu. Allon nan ba shi ne yake yanke shawarar ƙofar da jirgi zai tsaya ba. Wani ofishi ne yake yankewa, sannan a aiko wa allon labari, kuma tsakanin yankewar da bayyanarta akwai ɗan lokaci, komai ƙanƙantarsa. Ɓangaren tambaya shi ne allon. Ɓangaren umarni shi ne ofishin da littafin gaskiya yake hannunsa. Idan aka ajiye bayanan karantawa a wata ma'ajiyar bayanai dabam, ko a Redis, ko a Elasticsearch, ko ma a kwafin rumbun bayanai na PostgreSQL, wanda a tsarinsa na asali ba ya jiran kwafin ya kammala kafin ya tabbatar da rubutu, to abin da allon yake nunawa labarin ɗazu ne. A ranar da babu cunkoso tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da saƙonni suka yi dogon layi a manhajojin isar da saƙo irin su Kafka ko RabbitMQ, tazarar tana iya miƙewa har mutum ya gan ta da idonsa.

Bari mu bi abin daki-daki da misali. Kujera ɗaya ta rage a motar bayan sallar asuba. Wata hajiya a Sharar Mansur ta buɗe wayarta, allon ya ce mata saura ɗaya. Wani alhaji a Misfala shi ma ya buɗe tasa, allon ya ce masa saura ɗaya. Har zuwa nan babu wanda aka yi wa ƙarya. Hajiya ta danna, umarninta ya isa, aka rubuta mata kujerar a littafi, aka tura sanarwa zuwa allon, sanarwar tana kan hanya. Alhaji ya danna, nasa umarnin ma ya isa. A daidai wannan gaɓar mai rubuta manhajar yake yin abin da yake gani kamar tsantseni ne: kafin ya karɓi umarnin alhaji, sai ya ce bari ya duba ko akwai sauran kujera, kuma da yake an koya masa cewa duk wata tambaya ɓangaren karantawa ake kai wa, sai ya je ya tambayi allon. Allon, wanda labari bai iso masa ba tukuna, ya amsa da cewa saura ɗaya. Shi ke nan, an yi wa kujera ɗaya masu gida biyu, kuma direba ne zai sha faɗan da asubar fari alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kuskuren ya samo asali ne daga kalmar "tambaya" kanta. Tambayar da CQRS yake nufi ita ce wadda mai amfani da manhaja yake yi domin a nuna masa wani abu a fuskar wayarsa. Dubawar da ɓangaren umarni yake yi domin ya yanke hukunci ba ta cikin wannan sahu, kuma babu inda ƙa'idar ta hana ɓangaren umarni karanta littafinsa. Hasali ma wajibi ne ya karanta shi, kuma ya karanta ya rubuta a cikin hada-hada guda wadda ko dai ta tabbata gaba ɗayanta ko ta rushe gaba ɗayanta. Hanyoyin yin hakan sanannu ne. Ana iya sa wa teburin da ake rubuta kujeru a rumbun ƙa'idar cewa lambar tafiya haɗe da lambar kujera ba za su maimaitu ba, ta yadda rumbun da kansa zai ƙi rubutu na biyu. Ana iya rage adadin kujeru da sharaɗin cewa adadin ya haura sifili, sannan a duba ko layin tafiyar a teburin ya sauya. Ana kuma iya ba kowace tafiya lambar siga, wadda take sauyawa duk sanda aka yi rubutu, wanda ya zo da tsohuwar lamba a mayar da shi ya sake. Ko wacce aka zaɓa, alhaji zai sami amsar 409, wato an sami karo, sai manhajar ta faɗa masa cikin ladabi cewa an riga shi, ta nuna masa motar da ke biye.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure, shi kuma hajiya yake shafa. Ta biya kuɗinta, manhajar ta mayar da ita shafin "tafiye-tafiyena", shafin ya tambayi allon, allon ya ce babu komai. Duk wanda ya san hajiyoyinmu ya san ba za ta zauna jiran saƙo ya fito daga layi ba, za ta sake dannawa ne, wataƙila har sau uku, tana yi tana salati. Maganin farko shi ne kowane umarni ya taso daga wayar da lambar shaida tasa, ta yadda idan saba, wato kwamfutar da take karɓar umarnin, ta ga lambar da ta riga ta yi wa aiki sai ta dawo da amsar farko ba tare da ta sake cirar kuɗi ba. Na biyu, umarnin ya dawo da lambar tikitin nan take. Na san akwai masu tsananin riƙo da suke cewa umarni ba ya dawo da komai, amma ni ban ga laifin a ba mutum rasit bayan ya biya ba. Idan kuwa aikin bai kammala ba, an dai karɓe shi ne, to a dawo da 202, a rubuta wa hajiya cewa ana kan tabbatarwa, kada a nuna mata shafi fayau.

Ita kanta kibiyar tana iya tsinkewa, idan aka rubuta a rumbu sannan saba ta faɗi kafin ta tura sanarwa. Shi ya sa ake rubuta sanarwar a wani tebur cikin hada-hadar da aka rubuta kujerar, wani ɗan aiki na dabam ya riƙa kwasa yana aikawa. 

Sauran abubuwan da ake jingina wa CQRS ba sharaɗi ba ne. Bai wajabta rumbu biyu ba, bai wajabta Kafka ba, bai kuma wajabta adana tarihin duk abin da ya auku a matsayin tushen bayanai ba, ko da yake ana yawan haɗa su. Martin Fowler ya yi gargaɗi tun a 2011 cewa a yawancin manhajoji tsarin yana ƙara sarƙaƙiya mai haɗari, kuma ina tare da shi. Kamfanin da yake da motoci kaɗan tsakanin Makka da Madina zai iya raba umarni da tambaya a cikin rubutun manhajarsa kawai, duka biyun suna kallon PostgreSQL guda, babu kibiya balle tazara. Ranar da masu duba kujeru suka yi yawan da rumbun ya fara nishi, sai a fitar da allon waje. Sharaɗin nan guda mai hana lambar tafiya da lambar kujera maimaituwa, shi yana nan a teburin umarni tun daga ranar farko, kuma ko bayan an fitar da allon ba a taɓa shi.